Alfred Büchi: Injiniyan da ya mayar da hayaƙin inji ƙarfi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Illela ko ta Gusau da asuba, lokacin da manyan motoci ke fita daga Sakkwato ɗauke da albasa ko siminti ko shanu, ya san wata siririyar ƙara mai kama da fito da ke tashi daga ƙarƙashin rurin inji idan direba ya taka totur. Wannan fito na turbo ne, wata na'ura da girmanta bai wuce ƙwaryar fura ba, wadda ke sa inji ya ja kayan da ba zai iya ja ba in babu ita. A 'yan shekarun nan ta sauko daga tirela da tanka ta shiga ƙananan motoci, har ta kai wasu masu mota na zuwa gareji su ce a cire musu tsohon inji a ɗora mai turbo, sannan a murɗa shi ya ƙara gudu. Mutumin da ya fara tunanin wannan na'ura ya rasu tun 1959. Ya shafe shekara ashirin yana fama kafin ta yi aiki yadda yake so, kuma abubuwan da suka wahalar da shi su ne dai ke kashe injinan da ake dasawa a yau.

An haifi Alfred Büchi ranar 11 ga Yuli, 1879, a garin Winterthur da ke arewacin ƙasar Suwizalan. Gari ne na masu sarrafa ƙarfe, kuma babban kamfaninsa shi ne Sulzer, wanda aka kafa tun 1834, inda mahaifin Alfred, Johann Büchi, yake cikin manyan shugabanni. A shekarar da aka haife shi wani ɗalibi mai suna Rudolf Diesel ya zo wannan kamfani koyon aikin hannu na ɗan lokaci, shi ne wanda daga baya ya ƙirƙiro injin da ke amfani da man gas, wanda har yau ake kiran man da sunansa. Ashe ɗan da aka haifa a garin shi zai ƙarasa wa injin Diesel abin da ya rage masa. Alfred ya tashi cikin ƙarar guduma da warin baƙin mai, ya shiga babbar makarantar fasaha ta tarayya da ke Zurich a 1899, ya fito da shaidar injiniya a 1903, shekarar da sojojin Turawan Ingila suka shiga Sakkwato.

Daga nan ya tafi Beljiyam ya kama aiki a kamfanin Carels da ke birnin Ghent, masu ƙera injinan gas, daga baya kuma ya ɗan zauna a Ingila. Akwai abin murmushi a nan ga mai karatu na ƙasarmu, domin duk injin da aka ciro daga wata mota a Turai aka kawo kasuwar Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, Beljiyam ake ce masa, ko daga ina ya fito. To a Beljiyam ɗin ta gaskiya ne tunanin turbo ya zo wa Büchi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Abin da ya dame shi asara ce. Ya lura cewa daga cikin ƙarfin da ke cikin man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke zama aiki. Sauran kashi biyun zafi ne, wani ya bi ruwan sanyaya inji, wani ya fice ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi da gudu. Ga ɗan kasuwa wannan daidai yake da ya sayi buhu uku ya sayar da ɗaya, biyu su zube a hanya. Sannan ya lura da abu na biyu, cewa abin da ke taƙaita ƙarfin inji iska ce. Zuba mai abu ne mai sauƙi, amma mai ba ya ci sai da iska, kuma a injin fetur kowane kilo ɗaya na mai yana bukatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Inji na yau da kullum iya abin da fistin ya zuƙo ne yake samu. In an ƙara mai ba a ƙara iska ba, sai baƙin hayaƙi.

Wanda ya san unguwar Maƙera Assada a cikin birnin Sakkwato ya riga ya san maganin. Gawayi ɗaya ne, amma da zarar yaro ya kama zugazugi sai wutar ta yi ƙarfin da za ta tausasa ƙarfe. Büchi ya so ya yi wa inji zugazugi, kuma hikimarsa ita ce kada a ɗauki yaron zuga, a bar hayaƙin da wutar ta fitar ya yi zugar da kansa. Sai ya tsara farfela biyu a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙi mai fita ya bugi ta farko ya juya ta, juyawarta ta juya ta biyu, ita kuma ta biyun ta danna sabuwar iska cikin silinda da ƙarfi. Iska ta yawaita, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru, ba tare da an ƙara girman injin ba. A watan Nuwamba na 1905 ya shigar da wannan tsari a ofishin rajistar ƙirƙira na Jamus, aka ba shi lamba 204630. Wannan takarda ita ake ɗauka a matsayin takardar haihuwar turbo.

Takarda kuwa ba ta jan kaya. Ya koma gida ya shiga Sulzer a 1909, kamfanin ya buɗe masa wurin gwaji a 1911, ya fitar da samfurin farko a 1915, abin bai gamsar ba. Iskar da na'urar ke turawa ba ta tsayawa a ma'auni ɗaya, kuma ribar da ake samu ba ta kai wahalar ba. Lissafinsa daidai ne, kayan aikin zamanin ne ba su kai ba. Farfelar da hayaƙi ke buga tana zaune ne cikin zafin ɗaruruwan digiri tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, ƙarfen lokacin kuwa in ya yi zafi haka sai ya yi laushi ya miƙe ko ya tsage. Boris ɗin da sandar ke juyawa a kai yana bukatar mai mai tsabta ba yankewa. Farfelar da ke danna iska ita ma ba a ƙware wajen fasalta ta ba, tana cin ƙarfi da yawa tana ba da kaɗan. A wannan shekara ta 1915 ya nemi haɗin gwiwa da kamfanin Brown Boveri na garin Baden, wanda ake taƙaita sunansa da BBC, ko da yake ba shi da wata alaƙa da gidan rediyon da ake saurare a nan. Su ne gwanayen farfela a ƙasar, amma ba su ga riba a cikin abin ba. Sai 1923 aka daidaita.

A tsakanin nan wasu suka riga shi cin moriyar tunanin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna cewa jirgin sama in ya yi nisa a sama sai injinsa ya galabaita, domin iskar can ba ta da kauri. Auguste Rateau a Faransa ya ɗora turbo a kan injinan jiragen yaƙi, a Amurka kuma Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak a 1918, mai tsawon sama da mita 4,000, ya nuna cewa da turbo inji na iya riƙe ƙarfinsa a can. Gwamnatocin da ke yaƙi ba sa tambayar tsada ko tsawon rai, in na'ura ta yi sa'o'i kaɗan tana aiki ta biya. Büchi kuwa injin da zai yi shekaru yana aiki yake nema, irin wanda mai jirgin ruwa ko hukumar jirgin ƙasa za ta saya da kuɗinta ta yi lissafin mai. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma a nan ne darajarsa take.

Ƙofa ta buɗe a 1923, lokacin da ma'aikatar sufuri ta Jamus ta ba da aikin gina jiragen ruwa biyu na fasinja, Preussen da Hansestadt Danzig, domin zirga-zirga a tekun Baltik. Kowanne an sa masa injinan gas masu silinda goma, aka ɗora musu turbo bisa tsarin Büchi kuma a ƙarƙashin kulawarsa. Ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500, ƙarin da ya haura kashi 40 cikin ɗari, daga hayaƙin da a da iska ke kwashewa. Jiragen sun fara aiki a 1926. A 1924 kuma Brown Boveri ya fitar da turbo na farko na manyan injina daga masana'antarsa. Daga takardar 1905 zuwa wannan nasara shekara ashirin ke nan, saurayin Ghent ya zama magidanci mai shekara arba'in da shida.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, nasarar ba daga farfelar kaɗai ta zo ba. Büchi ya gano cewa dole a sake tsara injin gaba ɗaya domin ya karɓi baƙuwar. Ya tsara a bar bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi a buɗe tare na ɗan ƙiftawa, domin sabuwar iska ta share ragowar hayaƙi ta kuma sanyaya kan fistin. A 1925 ya yi rajistar wata dabara ta biyu. Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata lokaci. In aka tara duka a babban bututu ɗaya sai bugun ya mutu, wani ma ya koma ya toshe wa wata silinda hanya. Sai ya raba su cikin ƙananan bututai, ya haɗa silindodin da lokacinsu ba ya karo da juna, domin kowane bugu ya isa farfela da zafinsa. Har yau masu ƙera bututun hayaƙi na motocin tsere wannan lissafi suke bi. A 1926 aka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa da sunansa, shi da Brown Boveri da kamfanin ƙera kan jirgin ƙasa na Winterthur, suka riƙa sayar da lasisi ga masu ƙera injina a ƙasashe da dama. Jiragen ruwa da jiragen ƙasa suka karɓa, a 1938 kuma kamfanin Saurer na Suwizalan ya fitar da babbar mota mai turbo.

Ƙaramar mota ce ta fi gardama, kuma dalilin ya shafi mai mota a Sakkwato kai tsaye. Injin gas yana son matsi, domin iska kaɗai yake matsawa, sai ta yi zafi a fesa mai ya kama. Injin fetur kuwa cakuɗen iska da mai yake matsawa yana jiran tartsatsin fulogi. In matsi da zafi suka yi yawa sai cakuɗen ya fashe da kansa ba a lokacinsa ba, ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma, daga nan sai a ji an ce inji ya buga. A 1962, shekara uku bayan rasuwar Büchi, Amurkawa suka fitar da ƙananan motoci biyu na farko masu turbo, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Masu Jetfire sun bar matsin injin yadda yake, sama da goma bisa ɗaya, suka magance fashewar da wani ɗan tanki na ruwa da sinadarin metanol da ake fesawa domin sanyaya cakuɗen. Masu mota suka riƙa mantawa da cika tankin, motar ta riƙa rage ƙarfi, koke ya yi yawa, cikin shekara biyu aka daina ƙera ta, da yawa kuma aka cire musu turbo aka mayar da su kafireto. Kamfani ne babba mai injiniyoyi birjik ya yi wannan tuntuɓe. Sai a shekarun 1970 BMW da Porsche da Saab suka dawo da ita, Mercedes ya fitar da ƙaramar motar gas mai turbo a 1978, Peugeot ya biyo da 604 a 1979, lokacin da masana'antarsa ta Kaduna ke cika titunan Arewa da 504. A wannan shekara ce kuma Renault ya ci tseren Formula 1 na farko da inji mai turbo.

To mai mota da ya sayo injin Beljiyam mai turbo ya kai wa bakanike a Sakkwato, wannan doguwar hanya ce yake so ya taƙaita cikin mako guda. Zaunar da injin a mazauninsa shi ne mafi sauƙi, mai walda zai gyara ƙafafu. Wahalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Injin zamani ba ya tashi sai da birenbos ɗinsa da wayoyinsa da na'urorin da ke auna iska da zafi, wani ma sai da makullinsa na asali, kuma galibi akan sayo injin ne tsirara an yanke wayoyin da almakashi. Famfon mai na tsohuwar motar an yi shi ne domin ƙaramin ci, in bai kai mai isasshe ba lokacin da turbo ta cika silinda da iska, cakuɗen zai yi ƙarancin mai, zafi ya hau, fistin ya narke. Kuloci da giyabos an auna su ne da ƙarfin tsohon inji. Birki ma haka, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali motar da aka ƙara wa gudu a kan hanyar da shanu da raƙuma da masu babur ke tsallakawa ba zato ta fi bukatar tsayawa a kan tafiya. Lambar injin da ke cikin takardun mota ita ma ta canza, in ba a je an gyara ba, wata rigima ce ke jira a shingen bincike.

Sai zafi, wanda shi ne tsohon abokin gabar Büchi. Iska in an matsa ta sai ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri kuma tana jawo fashewa, shi ya sa ake sa wani ƙaramin lagireto na iska, intakula, tsakanin turbo da inji. An auna girmansa ne da yanayin Turai. A Sakkwato a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kan kwalta kuwa sai abin da ya ƙaru, saboda haka tazarar da injiniyoyin kamfani suka bari domin kariya ta riga ta ragu tun kafin a taɓa komai. Wanda ya zo ya murɗa ƙofar da ke rage hayaƙi domin matsi ya ƙaru, ko ya sa aka sauya lissafin birenbos, daga wannan 'yar tazarar yake ci. Ƙara matsi da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda yana kusan ninka iskar da ke shiga, kuma motar za ta amsa nan take, shi ya sa abin ke da daɗi. Amma dole mai ya ƙaru daidai gwargwado, a ja da lokacin tartsatsi baya, a kuma tabbatar da ingancin fetur, abin da mai sayen mai a galan a bakin hanya ba zai iya rantsuwa a kai ba. Masu wannan sana'a a inda ta kafu suna ɗora motar ne a kan na'urar awo suna karanta hayaƙinta suna gyarawa kaɗan-kaɗan. Yin sa da kunne caca ce, kuma kuɗin inji ne a kan tabarma.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabon. Turbon ƙaramar mota kan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a wannan gudu ƙwayar rairayi tana cin bakin farfela kamar zarto, don haka matatar iska da ta yage ko aka cire domin wai inji ya sha iska hukuncin kisa ce. Sandar tana shawagi ne a kan siririn baƙin mai. In man jabu ne, ko ya daɗe ba a juye ba, ko direba ya dawo daga doguwar tafiya ya kashe mota nan take alhali ƙarfen na da zafi jawur, man da ya tsaya a ciki sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. Tsofaffin direbobin tirela sun san wannan, shi ya sa sukan bar inji yana numfashi na 'yan mintoci kafin su kashe. Ba a ce dashen ba ya yiwuwa, akwai bakanikai masu basira da ke yin sa ya zauna lafiya. Waɗanda suka dace su ne masu sayen rabin mota sukutum, inji da giyabos da wayoyi da lagireto, su dasa su tare kamar yadda aka haife su, su kuma bar matsin inda kamfani ya ajiye shi.

Büchi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan motoci ba. A 1938 makarantarsa ta Zurich ta ba shi digirin girmamawa na dakta, daga 1939 zuwa 1947 kuma ya zauna a majalisar tarayyar ƙasarsa, shekarun da yaƙi ya kewaye Suwizalan ta kowane gefe. A 1941 aka rushe ƙungiyar haɗin gwiwar da ke ɗauke da sunansa. A watan Yulin wannan shekara jiragen nan biyu da suka fito da shi, waɗanda sojojin ruwan Jamus suka mayar na dasa nakiya, suka faɗa cikin nakiyoyi kusa da tsibirin Öland na ƙasar Suwidin suka nutse a rana ɗaya. Ya rayu ya ga turbo ta shiga manyan injinan jiragen dakon kaya a farkon shekarun 1950, kakannin jiragen da ke sauke kwantenonin injina a Kwatano da Apapa a yau. Ya rasu a Winterthur, garin da aka haife shi, ranar 27 ga Oktoba, 1959, yana da shekara tamanin, saura ƙasa da shekara guda Najeriya ta samu 'yancin kai.